Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani Suna Bin Majinyaci Daga Asibiti Zuwa Asibiti

A aikina na ɗakin gwaje-gwajen asibiti, nakan ci karo da ƙwayar cutar da ta bijire wa kusan duk maganin da muka gwada mata. Idan aka bi diddigi, sau da yawa sai a tarar daga wani asibitin aka turo majinyacin, takardar da ya zo da ita kuma ba ta ce uffan a kan ƙwayar ba.

Ƙwayoyi irin su Klebsiella da E. coli suna iya zama a hanjin mutum watanni ba tare da ya ji komai ba. Da zarar an ba shi gado, sai su hau hannun ma'aikaci, ƙarfen gado, robar fitsari da wurin wanke hannu. Daga nan su shiga jikin wanda aka yi wa tiyata ko jariri bakwaini, a rasa maganin da zai ci su.

Haka NDM-1 ya bayyana, wato sinadarin da ke karya ƙarfin magungunan carbapenem da muke ajiyewa sai ta ɓaci. An gano shi a 2008 a Suwidin, a jikin mutumin da ya yi jinya a New Delhi. Mu da muke kai marasa lafiya Indiya da Masar, wannan ya shafe mu.

Amma ana iya daƙile abin. Klebsiella mai bijire wa magani ta bazu a asibitocin Isra'ila a 2006. A 2007 gwamnati ta wajabta killace masu ɗauke da ita, aka ware musu ma'aikata na daban, aka tilasta ba da rahoto, yaɗuwar kuma ta ragu sosai.

Abokan aiki, kafin motar asibiti ta tashi, mu rubuta a takarda: wace ƙwaya aka samu, wane magani aka ba majinyacin, na kwana nawa. Asibitin da ya karɓa ya ware shi in akwai zargi, ya ɗauki samfur, a kuma wanke hannu kafin taɓa shi da bayan haka.

Masu jinya, ku gaya wa likita duk asibitin da aka taɓa kwantar da majinyacinku, a gida ko a waje, ku zo da tsofaffin sakamakon gwaji. Idan aka ware shi a ɗaki, kada ku ɗauka ƙyama ce. Ana kare na gadon kusa da shi ne.