Kantin Gari da Kantin Intanet

Jama'a, karatunmu na yau a kan saye ne. Kowa ya san kantin gari. Ga mai tireda a bakin hanya, ga mai tebur a ƙofar masallaci. Amma yanzu akwai wani kanti wanda ba shi da ƙofa, ba shi da benci. A cikin waya yake. Shi ake kira kantin intanet. Mutum ya duba hoton kaya, ya zaɓa, ya biya, a aiko masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ƙwarai. A zamanin Turawa akawuna da malaman makaranta sukan duba littafin hotuna, su rubuta takarda Ingila, a aiko musu da takalma ko agogo ta gidan waya. Abin da ya ƙaru shi ne sauri. A 2012 aka buɗe Jumia da Konga a Ikko, watau Legas. A ƙarshen 2024 kuma Temu, ta mutanen Sin, ta shigo Nijeriya.

Samari masu waya sukan duba kuɗin kaya a can, su ga ya fi araha. Sai su ce mai tireda na Furana yana cutar mutane. To, kada mu yi saurin yanke masa hukunci. Mu fara bin sawun kayan tukuna.

Sabulu ya fito daga masana'anta. Babban ɗan kasuwa ya sara, ya kai kasuwar Singa a Kano, ko Sabon Garin Zariya. Wani ya saro can, ya kawo Ikara ko Maƙarfi. Sa'an nan mai tiredanmu ya sayi katan ɗaya, ya ɗaura a babur. Kowane hannu da ribarsa, kowace tafiya da kuɗin motarta. Tun ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau ƙwarai. Har wa yau mai sayen katan ɗaya ba ya samun rangwamen da ake yi wa mai sayen katan ɗari. Babban kantin intanet kuwa yakan tsallake waɗansu daga cikin hannayen nan. Dalilin arahar ke nan.

Amma ku lura da kyau. Kuɗin da ke ƙarƙashin hoto ba shi ne kuɗin da za ka kashe duka ba. Akwai kuɗin aikowa. Kuma sau da yawa ba a kawo kaya ƙauye, sai a ajiye a babban gari, kai ne za ka je ka karɓo.

Bari mu yi misali da lissafi. Waɗannan kuɗi na misali ne kurum. A ce fitila mai sola naira 12,000 ce wurin mai tireda. A waya kuwa an rubuta 9,500. Wa zai ƙi ragin 2,500? To, ƙara kuɗin aikowa 1,500, sun zama 11,000. An ajiye ta a Zariya. Kuɗin mota zuwa da dawowa, a ce 3,000. Duka nawa ke nan? Naira 14,000. Ga kuma yini guda da ba ka shiga gona ba. Ashe ta gari ta fi araha da 2,000.

Yanzu mu juya lissafin. A ce mutum biyar sun haɗa kai. Fitila biyar 47,500. Kuɗin aikowa a ce ya zama 3,000. Mutum ɗaya ya tafi karɓowa, 3,000. Duka 53,500. In an raba biyar, kowa ya biya 10,700. Kowa ya tsira da 1,300. Kun gani, kaya marasa nauyi masu tsada, kamar waya da fitila da rediyo, su ne suka cancanci a duba su a intanet, musamman in an haɗa kai.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Mai tireda yana sayar maka da ƙullin sukari ɗaya, da ashana ƙwaya ɗaya. Ya san ka, ya san ubanka. In babu kuɗi ya ba ka bashi har ka sare rake ko ka kwashe tumatir. Kuɗinsa kuwa suna kwance a hannun mutane, shi ma dole ya sa wannan cikin lissafinsa. In fitila ta ƙi kamawa, da safe ka mayar masa. Ta intanet ma ana mayarwa, amma da ƙa'ida da iyakar kwanaki, da wata tafiyar kuma. Sai dai fa gaskiya ɗaya ce: sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowane saye tsada. Wanda ya iya sayen mudu ya saya.

Masara da rake da barkono kuwa ba a maganarsu. Nan ne tushensu. Mutanen birni ne ke biyan tsadarsu.

In za ka saya a waya, karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoto duka, ba kuɗin kaɗai ba. Hoto yakan nuna abu babba, ya zo ƙarami. Duba girmansa, da kuɗin aikowa, da wurin karɓa. In akwai damar biya bayan kaya sun iso, zaɓi wannan. Wanda ba ka sani ba ya aiko maka da hoto ya ce ka fara tura kuɗi, ka yi hankali da shi. Lambar asirin katinka kuwa kada ka faɗa wa kowa.

In ka ga kuɗin abu a waya, ka san inda za ka fara tayi a kasuwa ran da take ci.

Aiki: Rediyo naira 8,000 ce a gari, a waya 6,200. Kuɗin aikowa 1,200, kuɗin mota 2,400. Mutum uku suka haɗa kai, kuɗin aikowa da na mota ba su ƙaru ba. Nawa kowa zai biya?