Yadda kati ɗaya ke biyan kuɗin acaba, mota da jirgin ƙasa

Ɗalibin da ya taso daga wani ƙauyen Roni zai je Kano sau uku yake sa hannu a aljihu. Zai sallami ɗan acaban da ya kawo shi tashar Kazaure, ya biya kuɗin mota zuwa Kano, sannan ya biya mai A Daidaita Sahun da zai kai shi unguwa. Kowanne da cinikinsa, kowanne da rigimar canji. In ya ce zai yi transfa, sai a tsaya a bakin titi ana jiran alat. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da dama sun yi tafiyar ƙasa alhali da kuɗi a asusunsu.

Wannan matsala ce tsarin haɗa biyan kuɗin sufuri yake son magancewa: kati ɗaya ko manhaja ɗaya a waya, a biya kowane abin hawa da ita. Maganar kuma ta shafi Kazaure kai tsaye, domin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Sassa huɗu na tsarin

Na farko shi ne abin da ke hannun fasinja: kati mai ɗan ƙwaƙwalwa a ciki, ko waya mai fasahar NFC, ko lambar QR. NFC na aiki ne idan aka kusanto da kati dab da na'ura, kuma katin ba ya buƙatar batir, daga na'urar yake samun ɗan lantarkin da zai yi magana da ita.

Na biyu shi ne na'urar karanta kati da ke jikin mota ko ƙofar tasha. Ita ke tantance kati, ta cire kuɗi, ta rubuta lokaci da wuri.

Na uku shi ne babbar kwamfutar da ke tattara bayanan duk tafiye-tafiye.

Na huɗu shi ne rabon kuɗi. Fasinja wuri ɗaya ya zuba kuɗinsa, amma mutum uku suka ɗauke shi. Dole a sami wanda zai yi lissafi ya tura wa kowa haƙƙinsa, ya cire kamasho.

A ina kuɗin yake zaune?

Nan ne masu haɗa manhaja suke rabuwa gida biyu. A tsari na farko, ragowar kuɗin a rubuce take a jikin katin kansa. Na'ura za ta cire kuɗin nan take ko babu intanet, daga baya ta aika rahoto idan ta sami netwok. A tsari na biyu, katin shaida ce kawai, kuɗin na asusu a babbar kwamfuta. Wannan ya fi sauƙin loda kuɗi daga waya da toshe katin da ya ɓata, amma yana son netwok mai ƙarfi, ko kuma kamfani ya yarda ya bar fasinja ya wuce, a ci bashin daga baya.

A hanyoyin ƙauyukan Gwiwa da Ɓaɓura, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, tsarin da ba ya aiki sai da intanet ya mutu tun ran gini.

Inda aka gwada

Hong Kong ta fara katin Octopus a 1997. Landan ta fito da Oyster a 2003, daga baya ta fara karɓar katin banki a bas-bas a 2012, da jiragen ƙarƙashin ƙasa a 2014. A can akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a rana: in ya kai ta, sauran hawan a yankin da ya biya kyauta ne.

A Najeriya, Legas ce a gaba da katin Cowry da aka fara a 2020 ƙarƙashin hukumar LAMATA. Da shi ake hawa bas ɗin BRT, da jiragen ruwan gwamnatin jihar, da jirgin ƙasan da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumban 2023.

Sai dai ba ko'ina aka yi nasara ba. A Nairobi, Google da bankin Equity sun kawo katin BebaPay a 2013 don ƙananan bas na haya, amma aka rufe shi a 2015. Direbobi da kwandastoci ba su rungume shi ba, saboda da tsabar kuɗi suke samun na kashewa kullum. A Kigali kuwa katin Tap&Go ya zauna, domin kamfanonin bas ɗin birnin kaɗan ne, kuma hukuma ta tsaya a bayansa.

Babban darasin

Bambancin Nairobi da Kigali ba na fasaha ba ne, na mutane ne. Sufurin Kazaure kuwa ya fi kama da na Nairobi: babura da motoci na ɗaiɗaikun mutane, da ƙungiyar direbobi da ke kula da layi a tasha.

A duba ranar ɗan acaba. Da kuɗin safe yake shan mai, da na rana yake yin cefane, da yamma ya kai wa mai babur balas. In tsari ya ce masa kuɗinsa sai gobe ko jibi, zai ce wa fasinja na'ura ta lalace. In kamasho ya yi yawa a kan ɗan kuɗin hawa ɗaya, haka ma. Saboda haka tambayar farko ga mai son gina irin wannan manhaja ita ce: minti nawa tsakanin taɓa kati da shigar kuɗi hannun direba?

Akwai kuma batun sirri. Katin da ke biyan kowace tafiya ya san inda mai shi ya je da lokacin da ya je. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai nauyin kiyaye su.

Daga ina za a fara?

Ba daga dukan gari ba. Hanya ɗaya mai fasinjoji na kullum ta isa gwaji, kamar zirga-zirgar ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu tsakanin makaranta da cikin gari. A zauna da shugabannin ƙungiya kafin a rubuta layin manhaja ko ɗaya. A tanadi hanyar USSD don masu ƙananan wayoyi, a bar masu POS su riƙa loda kati, kuma kada a hana tsabar kuɗi.

Ranar da jirgi zai fara tsayawa a Kazaure, fasinja zai sauka ne ya nemi acaba, wani ma da sefa a aljihu ya taho daga Maraɗi. Wanda zai haɗa tikitin jirgin da kuɗin babur ɗin sai ya san tasha kamar yadda ya san kwamfuta.