Kai ka nemi inuwa, ita ka bar ta a rana

Ɗana, na ga wayar da ka sayo a kasuwar Illela ranar Lahadi, Allah ya sa ka kashe lafiya. Na kuma ga inda ka ajiye ta jiya da azahar: bisa tankin mashin, rana na dukanta, igiyar fawa bank na maƙale a gindinta, kai kuwa kana gindin darbejiya kana shan fura. Ban tanka ba saboda abokanka na wurin. Yanzu da muke mu biyu, matso ka ji.

Kada ka ɗauka wayo ne ya koya mini. Batir uku na kashe da hannuna kafin na gane, kuma biyu daga ciki shawarar masoya ce ta kashe su. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta taho da wata ƙa'ida da kowa ya haddace: sabuwar waya sai ta kwana a caji, kuma kada a sake jona ta sai ta mutu murus. Maganar tana da asali, amma asalinta tsofaffin batura ne na nikel. Wanda ke cikin wayarka na litiyam ne, irin da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda masana uku suka samu kyautar Nobel a kansa a 2019. Halinsa daban ne. Abin da ya gyara wancan, shi ke tsufar da wannan.

Ka san buhun gero. In ka ɗura shi har wuya, ka danna, ka ɗinke baki da ƙyar, ɗinkin ne ke shan wahala, ko da ba a ɗaga shi ba. Haka batir yake in ya cika ɗari bisa ɗari ya zauna a haka: sinadaran cikinsa a takure suke, suna cin kansu sannu a hankali. In kuma ya faɗi ƙasa warwas har waya ta ɗauke, can ma wata wahalar ce, musamman in aka bar shi kwana da kwanaki ba caji. Inda ya fi sakewa shi ne tsakiya, daga kashi 20 zuwa 80. Kuma ba ya ƙin ciko kaɗan-kaɗan. Masu ƙera shi ba yawan jonawa suke ƙirgawa ba, jimillar abin da aka sha suke ƙirgawa: ka sha rabi yau, ka cika, ka sha rabi gobe, wannan zagaye ɗaya ne. Kamfanin Apple ya daɗe yana cewa batirin wayoyinsa na baya, bayan zagaye 500, zai riƙe kamar kashi 80 na ƙarfinsa na farko. Ka ga ke nan tsufa dole ne. Gaggawarsa ce ke hannunka.

To amma ni ba zan yi maka wa'azin mutanen da wuta ke kwana a bangonsu ba. Mu nan Tozai caji kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mai inji ya ƙara farashi, wanda kuwa ya biya kuɗinsa so yake ya ga ɗari cif, ba na ganin laifinsa. In za ka gona tun asuba, ko za ka ƙetara Kwanni ba ka san lokacin dawowa ba, cika ta fal, ba ka yi ɓarna ba. Cikar da za a fara sha nan take ba ta da wata illa mai yawa. Wadda ke kisa ita ce cikar da ta haɗu da zama da zafi.

Shiga rumfar caji da la'asar ka duba da idonka. Rufin kwano, teburi guda, soket jere kamar haƙoran kada, wayoyi sun fi arba'in, kowace da lambarta a 'yar takarda manne da salatif, wasu a kan wasu kamar waina a faranti. Da yawansu tun hantsi suka cika, masu su suna kasuwa. Ɗauki ta ƙasan ka ji: kamar an sauke ta daga tanda. Masu ƙera wayoyin nan suna gargaɗin kada zafin wurin ya wuce digiri 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ko a inuwa muna haura 40. Wato tun kafin a jona ta bazara ta riga ta ci rabin haƙurinta, caji kuma yana ƙara nasa zafin. Zafi ke sa sinadaran su lalace da sauri har su tara iska, iskar nan ce kake gani in batir ya kumbura ya ɗaga murfi.

Don haka kai taka da sassafe ko bayan magariba. Tuɓe mata rigar robar nan, kashe ta gaba ɗaya, za ta fi saurin cika kuma ba za ta yi zafi sosai ba. Roƙi mai rumfar da girmamawa ya ajiye ta ita kaɗai a gefe, kai kuma ka koma bayan awa biyu, kada ka mai da rumfarsa gidan reno. In a sola ta gida ce, faifan ne ke son rana, wayar a ɗaki za ta zauna, a ƙasa kan siminti, ba ƙarƙashin filo ba. Kallon TikTok tana caji kuwa, murhu biyu ne ka hura a tukunya ɗaya. Ka leƙa saitin batir ma, wayoyi da dama na yanzu suna da wurin da za ka umarce su su tsaya a 80 ko 85.

Akwai wani ɓarawon da mu mutanen bakin iyaka muka fi kowa fama da shi. Inda sabis ba ya da ƙarfi, waya ƙara murya take yi don ta riski eriya, kamar mai kiran ɗan'uwansa daga wancan gefen fadama. Taka kuwa sim biyu gare ta, na nan da na Nijar, kowane yana lalube. Shi ya sa take zafi a aljihu ba ka taɓa ta ba. In ka shiga inda ka san ba sabis, danna alamar jirgin nan, ko ka rufe sim ɗin da ba ka buƙata.

Caja kuma kada ka yi mata rowa. Batirina na uku wata 'yar arha ce ta cinye shi, mara nauyi kamar fanko, wadda in ta ɗau zafi sai fuskar waya ta riƙa danna kanta. Riƙe wadda ta zo cikin kwali, je da ita rumfa, yi mata alama da jan zare. In za a tada inji ko mai ya kusa ƙarewa ka ji yana tari, zare tukuna. Ranar da kuma ka ga bayan waya ya tasa, kada ka ɗaure shi da kyauro kamar yadda na yi, kada ka huda shi, kada ya shiga juji inda yara ke ƙona shara. Wuta yake kamawa. Samsung da girmansa sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda gobarar batir.

Tsohuwar wayar da ka ce za ka ajiye wa ƙanwarka har ta dawo hutu, sa mata caji rabi, ka kashe ta, ka sa a ƙasan akwati, bayan 'yan watanni ka duba. In za ka Illela Lahadi mai zuwa ka biyo ta nan, ina da saƙon igiyar caja, tawa ɓera ya gaisa da ita.