Darasi: Gandun Dajin Waza

Yara, a ƙasarmu Kamaru akwai wuraren da gwamnati ta keɓe domin namun daji. Ana kiran irin wannan wuri gandun daji. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Waza. Daga Kolofata, sai a bi ta Mora, a kama babbar hanyar Kuseri, a yi arewa.

An keɓe dajin Waza a shekarar 1934. A 1968 ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,700 ne. A cikinsa akwai giwa, da raƙumin dawa, da zaki, da gwanki, da mariya, da barewa. Akwai kuma jimina, da gauraka, da tsuntsaye iri fiye da 300.

Masu yawon buɗe ido sukan je a ƙungiya, da rani. Sukan tashi da sassafe, da gorar ruwa da hula. Sukan hau dutsen garin Waza da ƙafa, su hango dajin shimfiɗe. Daga nan sai su shiga mota tare da ɗan jagora. Ba a shiga ba tare da shi ba. Ba a ihu, ba a kunna wuta, ba a harbi. A bakin tafki sukan tsaya shiru, su ga dabbobi suna zuwa shan ruwa. Daga 2013, rashin tsaro a kan iyaka ya rage baƙi ƙwarai.

To, me yake tara namun nan a Waza? Ruwa ne. Gabashin dajin fadama ce, Fulani suna ce mata yayre. Da damina Kogin Logon yakan cika ya malale a kanta. In ruwan ya janye, sai ciyawa ta tsiro, tafkuna su cika da kifi. Dabbobi su ci, shanun makiyaya su ci, masunta su samu.

A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa. Ruwan da yake isa fadama ya ragu. Ga shi kuma an yi fari. Ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, mariya da yawa suka hallaka. Giwaye sukan fita daga daji, su ɓata gonakin mutane. A 1994 aka sake buɗe wata hanyar ruwa. Wani sashen fadamar ya farfaɗo, tsuntsaye da kifi suka ƙaru.

Kun gani ke nan, kare daji ba hana farauta kaɗai ba ne. Sai an kula da ruwansa.

Sababbin kalmomi
gandun daji: parc national
raƙumin dawa: girafe
jimina: autruche
madatsar ruwa: barrage
ɗan jagora: guide

Tambayoyi
1. Ta wane gari ake bi daga Kolofata zuwa Waza?
2. Faɗi namun daji huɗu da ake samu a can.
3. Don me ake yin shiru a bakin tafki?
4. Me ya sami fadama bayan 1979?

Aiki
Ku tambayi kakanninku namun dajin da suka saba gani suna yara. Ku rubuta sunayensu da Hausa da Faransanci. Waɗanne ne ba a gani yanzu?