Idan Kamfanin Bashin Gida Ya Yi Zamba, Wa Zai Biya?

Duk ɗan'uwan da ya zo Amurka ya fara tara 'yan kuɗi, zancen sayen gida yake kawo mini. Wani kuɗin ruwa yake tambaya, wani yana neman kamfanin da ke bin tsarin Musulunci. Waɗannan duk suna intanet, a duba. Tambayar da ba a yi mini ita ce wadda ta fi damuna: idan kamfanin da ya ba ka bashin ya ci amana, a kan wa asarar za ta faɗa?

Ka fara sanin cewa bashin ba ya mutuwa. Takardar da ka sa wa hannu haja ce, sayar da ita ake yi, wani lokaci tun ba ka gama jera kayan ɗaki ba. Wanda ya saye ta yana bin ka kuɗinsa, ko da mai kamfanin farko yana kurkuku.

A watan Agustan 2009 kamfanin bashin gida na Taylor, Bean & Whitaker na garin Ocala a jihar Florida ya rushe. Shugabansa Lee Farkas da mutanensa sun yi shekaru suna sayar wa Colonial Bank basussukan da babu su, ko waɗanda aka riga aka sayar wa wasu. Zambar ta kai dala biliyan 2.9, bankin ya durƙushe a cikin wannan watan na Agusta, a 2011 kuma aka yanke wa Farkas shekara 30. Hukumar FDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta yi asara, haka Freddie Mac da Deutsche Bank da BNP Paribas. Amma su manya ne, suna da lauyoyi. A 2019 FDIC ta karɓi dala miliyan 335 daga PwC, masu binciken littattafan bankin. Masu gidaje kuwa ba wanda aka yafe wa bashinsa. Kuɗin wata da wasu suka biya ya maƙale, cakin inshorar wasu ya dawo ba a biya ba, suka yi ta jeka-ka-dawo da sababbin kamfanoni.

A nan tarkon yake, shi ne asusun da suke kira eskuro. A cikin abin da kake biya kowane wata akwai kason harajin gida da na inshora, kamfanin ne ke riƙe shi ya biya a madadinka. Ni wani kamfani daban ne ya ɗanɗana mini wannan. Ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, sai ga wasiƙa daga ofishin harajin ƙaramar hukuma da sunana, wai ba a biya harajin gidana ba, har tara ta hau. Na je da rasit a hannu. Matar da ke wurin ta saurare ni cikin mutunci, ta ce su gidan suka sani da mai shi, ba ruwansu da wanda na ba ajiya. Gaskiya ta faɗa. Haraji kan gida yake hawa, idan ya taru ana iya sayar da gidan a kansa. Inshora ma idan ta yanke, kamfani zai sayo wata mai ɗan karen tsada ya ɗora maka. Daga aljihuna na biya, ba wanda ya gyara lissafin sai da na tura takardun banki na kowane wata. Mu mun saba da cewa magana ta isa tsakanin mutanen kirki. A nan abin da ba a rubuce yake ba tamkar ba a yi shi ba ne.

Doka ta ba ka 'yan makamai. Idan aka mayar da bashinka hannun sabon kamfani, dole a sanar da kai a rubuce, kuma har kwana 60 ba za a ci ka tarar makara ba don ka aika wa tsohon kamfanin kuɗi a kan lokaci. Idan ka ga kuskure ka rubuta wasiƙa, kada ka tsaya ga waya: a cikin kwanakin aiki 5 za su shaida sun karɓa, a cikin 30 su ba da amsa. In sun yi shiru ka kai ƙara hukumar CFPB mai kare haƙƙin masu karɓar bashi. Kada fushi ya sa ka daina biya, don da haka za su sami hujjar ƙwace gidan. Kada kuma ka zagi yarinyar da ta ɗauki waya, ba ita ta ci kuɗinka ba, kuma baƙo da mutuncinsa ake saninsa.

Sai wata magana mai ɗaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dillali zai ce ka bari a ɗan ƙara albashinka a takarda, ko ka ari sunan wani mai takardun kirki, wai kowa haka yake yi. Sau da yawa ɗan garinku ne, tare kuke sallar Juma'a, kunya ta hana ka musa masa. Ka musa. Ƙarya a takardar neman bashin gida laifi ne a dokar tarayya, sa hannunka ne kuma a kanta. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba, idan kotu ta same shi da zambar da asararta ta wuce dala 10,000, to korarsa za a yi daga Amurka, ko da yana da takardar zama ta dindindin da 'ya'ya a makaranta.