Ciwon Ciki Mai Tafiya Ya Dawo

Kai mai gida, da ke uwar gida, ku saurara. Akwai wani ciwon ciki wanda ya kan tafi ya dawo wata da watanni. Ciki ya murɗa, ya kumbura da iska. Yau gudawa, gobe bayan gida ya yi tauri. In mutum ya zaga, sai ya ji sauƙi. Ba sammu ba ne, ba ya kisa, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Hanji ne ke saurin motsuwa, wani abinci da yawan damuwa su ke tayar da shi.

Da fari ka je Babban Asibitin Illela a auna bayan gidanka, domin tsutsar ciki da atini su ma haka su kan fara. In ba a sami kome ba, to, sauran magani yana cikin tukunyarka.

1. Abincin da ya fi tayar da shi: wake, ƙosai, albasa, tafarnuwa, kabeji, burodi, madara, mangwaro, da yaji ko mai da yawa. Amma ko wane ciki da nasa. Ka bar abu ɗaya mako 2, ka lura. In ka ji sauƙi, ka kama ɓarawonka. In babu, ka koma cinsa, ka bar wani. Kada ka bar su duka, ka rame a banza.

2. Ci kaɗan kaɗan a kan lokaci, kana taunawa sosai. Kada ka wuni kasuwar Lahadi da goro da shayi kaɗai, da dare ka cika ciki.

3. In bayan gida ya yi tauri, yawaita miyar kuɓewa da ruwa mai tsabta, wajen kofi 8 a yini.

4. In ciki ya murɗa, sha ruwan na'a-na'a da ɗumi, ka ɗan taka ƙafa.

5. Kada ka zubar da kuɗinka wajen masu tallan kafso, ko nan ko Ƙonni. Ka bar shan kanwa kuma.

Amma ku lura! In ka ga jini cikin bayan gida, ko rama, ko zazzaɓi, ko gudawa mai tashe ka cikin dare, ko ciwon ya fara bayan ka wuce shekara 50, wannan wani abu ne dabam. Kada ka jira girbi ya wuce. Tafi asibiti maza. In ya fi ƙarfinsu, za su tura ka Sakkwato.