Bukkar Zannuwa: Koya wa Yara Haske da Inuwa

Iyaye, idan an ɗauke wuta da daddare, kada a bar yara su zauna jugum. Ku jera kujeru biyu, ku lulluɓa musu bargo, ku rataya farin zane a gaba, ku shimfiɗa tabarma. Bukka ta samu ke nan.

Ku kunna tocila a ciki, yaro ya sa hannunsa tsakaninta da zanen. In ya matso kusa da tocilar, inuwar za ta yi girma. In ya matsa wajen zanen, sai ta ƙanƙance ta fito sarai. Ku tambaye shi dalili kafin ku gaya masa: haske miƙe yake tafiya, duk abin da ya tare shi sai ya bar inuwa a bayansa.

Daga nan ku gwada faranti, gyale mai shara-shara da farar leda, ya ga wanne ke tare haske, wanne ke barinsa ya wuce. Rariya kuwa ɗige-ɗige za ta zuba kamar taurari.

Don Allah ban da kyandir ko fitilar kananzir, domin zane ba ya wasa da wuta. Kada kuma a haska wa kowa ido.